Yadda Nomau Ya Kulle Karen Sarkin Farauta

Na rasa jan zanena na atamfa, na rasa cinikin awaki uku, na rasa sabulun da na dafa na rani guda cur. Abin da na samu shi ne Jatau Sarkin farauta ya cire hula ya tsuguna a zaurena, gari na kallo. Kowa ya auna ya gani ko na faɗi.

Ni ce Tabawa mai sabulun salo ta Gidan Ƙirya. Da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar mini awaki, da karyarsa ta farauta mai suna Kyalla, da ƙaninsa Nomau. Awaki suna haihuwa. Kyalla tana tsaron awaki, ko dila ko ɓarawo ba ya gittawa ta bayan dangata, ba don ita ba da tuni turke ya rage mini. Nomau kuwa yana cin tuwo. Mutum ne da gemunsa har da furfura, ba ya sata, ba ya ƙarya, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko gida zai ƙone.

Tun ba a yi sadakar arba'in ba Jatau yake aiko mini wai in sayar masa da Kyalla. Na ce ko da raƙumi ya zo.

To, bara da kaka mahaukacin kare ya ciji wata yarinya a ƙauyen da ke gabas da mu, ta rasu. Mai unguwa Cindo ya tara mu a gindin tsamiya, malamin dabbobi ya zo daga ƙaramar hukuma, aka kafa dokar karnuka. Gidan da ya karya ta sau uku, a ɗauke karensa. Ina gani Jatau yana shafa gemu yana kallona. Nomau kuma yana gaba-gaba, baki buɗe, yana haɗiye kowace kalma.

Wata rana na ce, "Nomau, doka ta ce a ɗaure kare. Ɗaure Kyalla." Na tafi rijiya. Ina dawowa na tarar da ita tana bin kajin maƙwabta, igiya na jan ƙasa a bayanta.

"Na ɗaure ta, Yaya," in ji shi. "Duba ƙullin nan, ko wuƙa sai ta sha wuya."

"Ɗaya bakin igiyar fa?"

"Ba ki ce komai a kansa ba."

Na ce, "Ka ɗaure shi a jikin abin da ya fi ta ƙarfi, sakarai!" Ya dubi turke, ya tuna ta taɓa tuge shi. Ya dubi turmi, ya ce tana iya jansa. Sai ya ɗaure ta a wuyan jakin maƙwabcinmu. Ranar kasuwa ce, jakin kuma ya san hanya. Suka ratsa layin masu tumatir, shi yana harbi ita tana haushi. Mai unguwa ya aiko aka kira ni. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ɗaya ke nan, Tabawa."

Wata rana wani dillali, Alhaji Miko, ya zo sayen awakina uku. Tun hantsi muke ja, na hau da shi inda nake so, saura in ce na sallama. Sai ya mari idon sawunsa ya ce, "Wash! Wani abu ya cije ni." Ashe Nomau na bayan danga. Shi kuwa ya ji malamin dabbobi ya ce duk wanda aka ciza, kada a tsaya tambaya, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, a daɗe ana wankewa, sannan a kai shi asibiti. Kafin in buɗe baki ya sungumi Alhaji kamar buhun gero, sai bakin rijiya. Guga ɗaya, guga biyu, a kan farar shadda.

"Cinnaka ne! Kai, cinnaka ne!"

"Malam ya ce kada a tsaya tambaya."

Ya dirje masa ƙafa da sabuluna har ta yi ja, ya tafi neman amalanken da zai kai shi asibiti. Alhaji ya samu kansa, ya fita da takalmi ɗaya. Har yau in ya hango ni a kasuwa sai ya sake layi. Wannan ba a ƙirga mini shi cikin karya doka ba. Mai unguwa ma cewa ya yi Nomau ya kyauta. Ya kyauta! Da awakinsa ne ai da ba haka ya ce ba.

Wata rana malamin dabbobi ya zo allurar rigakafi. Duk karen da aka yi wa, sai a ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, aka kuma ce bayan an gama, duk karen da aka gani ba jan ƙyalle 'yan banga su kashe shi. Aka yi wa rabin gari, har da Kyalla, magani ya ƙare, ya ce zai dawo jibi. Nomau ya dawo gida idonsa cike da ƙwalla, wai karnukan bayin Allah za su mutu don rashin tsumma. Ina ɗakin sabulu ina tace toka, ya buɗe akwatina. Jan zanen da ban taɓa ɗaurawa ba sai ranar Sallah, ya yayyanka shi ƙyalle-ƙyalle. Ya bi gari lungu-lungu, har karnukan bola da ke kwana bayan mahauta, kowa ya samu rabonsa.

Malamin ya dawo ya tarar da gari ja wur. Wanda aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba, duk ɗaya. Masu karnuka kuma, Allah ya shirye su, kowa ya rantse nasa an yi. Dole aka sake daga farko, Kyalla ta sha allura sau biyu. Na tsaya gaban mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, ni aka yi wa ɓarna!" Ya ce, "Daga gidanki ƙyallen ya fito. Biyu ke nan." Jatau ya ce daga gefe, "Tabawa, ki riƙa ba Kyalla abinci da kyau, ba na son ta zo mini a rame."

Wata rana da tsakar rana, Duna, baƙin karen Jatau, ya shigo gidana. Shi ne jagoran karnukan farauta, ga layu a wuya. A garinmu ba a korar karen Sarkin farauta, ba a jifansa, balle a taɓa shi. Doka ta ce duk karen da aka gani a sake, ko na wane ne, a kulle shi, a kai wa malamin dabbobi mabuɗi, shi kaɗai zai buɗe. Amma ko yaron goye ya san "ko na wane ne" ba ta haɗa da Jatau ba. Ban da Nomau. Karen ya wuce Kyalla a ɗaure bai ko dube ta ba, ya shige ɗakin sabuluna inda ke da duhu. Nomau ya ja ƙofa, ya danna kwaɗo, ya jefa mabuɗi aljihu, ya kama hanyar ƙaramar hukuma da ƙafa. Ya miƙa wa malamin dabbobi mabuɗin, shi kuwa yana kan babur zai tafi wani gari aiki.

Jatau ya zo da mutanensa da gatari. "Buɗe mini kare, tsohuwar banza!"

Da ya yi sallama ya roƙa, wallahi da ni zan miƙa masa taɓarya ya fasa kwaɗon. Amma tsohuwar banza? Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar na zauna. Na ce, "Ƙofar nan marigayi ya kafa ta da hannunsa. Mai son sara ya fara da ni."

Mai unguwa ya zo yana haki. Bai iya cewa a fasa ba, don dokarsa ce. Bai iya cewa Nomau ya yi daidai ba, don tsoron Jatau. Sai ya juyo kaina, mai rauni. Ya ce tsare karen Sarkin farauta cin mutuncin gari ne, uku ke nan, ranar da malamin dabbobi ya buɗe ƙofa, Jatau ya tafi da Duna ya haɗa da Kyalla.

Nomau ya dawo da yamma ƙafa duk ƙura, yana murmushi. "Na kai, Yaya." Na zuba tuwonsa a kwanon Kyalla na ba ta.

Ta taga ake jefa wa Duna abinci. Bai ci ba. Aka zura masa ruwa a ƙwarya, ya ja baya yana kakari. Kwana biyu muryarsa ta sauya, ba haushi ba, ba kuka ba. Ya dinga gatsar ƙofa, yana tauna sabulu, yawu na dalala. Jatau ya leƙa ya ce, "Sabulunki ne ya sa shi kumfa, za ki biya!" Amma na lura bai ƙara matsowa kusa da tagar ba, gatarin ma ya aika da shi gida.

Da malamin dabbobi ya dawo, leƙe ɗaya ya yi, ya mayar da mabuɗin aljihu. Ya ce a janye yara. Ya juya ga Jatau. "Sarki, an yi wa karen nan allura?" Jatau ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce su mafarauta sun gaji cewa allura tana kashe hancin kare, don haka daji ya kai nasa duka ya ɓoye. Malamin ya ce, "Haukan kare ne. Da an buɗe ƙofar nan ranar da ka zo da gatari, kai zai fara kamawa." Washegari Duna ya mutu. Aka haƙa rami mai zurfi aka binne shi, aka haɗa da sabuluna kaf. Sauran karnukan Jatau, da suke cuɗanya da shi, aka kulle su sai abin da hali ya yi. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce maganar uku ɗin nan a bar ta. Mutane suka dinga shafa kan Nomau, wai waliyyi ne. Waliyyin da ya cinye mini rani guda!

Farautar rani ta kama, Sarkin farauta ba shi da kare ko ɗaya a sake. Ya zo zaurena ya cire hula. "Hajiya Tabawa."

"Ban je Makka ba. Tsohuwar banza ce, faɗi abin da ya kawo ka."

Ya ce in sayar masa da Kyalla. Na ce babu. Ya ce to haya, ranar farauta kawai, ta kwana wurin awakina. Na ce saniya. Ya ce zakara biyu. Na tashi zan shiga gida, ya ce akuya. Muka ja har la'asar. Dabba ba ta ba shi wuya ba, sharaɗina na ƙarshe ne ya sa shi gumi. Ya ce zai ƙara rago in janye shi. Na ce ko bijimi.

Na sauko daga saniya, ban sauko daga wancan ba. Na sallama a kan tunkiya mai ciki, da cinyar dama ta duk abin da Kyalla ta kama, kuma duk ranar farauta Nomau ne zai riƙe mata igiya, Jatau da bakinsa zai riƙa gaya masa abin da zai yi, tun fitowar rana har faɗuwarta.