Nomau Ba Ya Saki Sai An Yi Shiru

Tabawa mai daddawa ɗanta ɗaya ne a duniya, Nomau. Ƙato ne har da gemu, yana ɗaga buhun gero da hannu ɗaya, amma abin da aka faɗa masa shi ke nan, ba ragi ba ƙari.

Wata rana jikan maƙwabta ya faɗi yana tsala ihu, ita kuma hannunta duk kalwa. Ta ce, "Nomau, wanda ka ga yana kuka, rungume shi a ƙirji, kada ka saki sai ya yi shiru." Ya rungume yaron har ya yi barci. Tabawa ta yini tana murna.

Wata rana jakin mai tukwane ya ɓarke da kuka a bakin kasuwa. Nomau ya shaƙe shi a ƙirji, jaki ya yi ta harbi, tukwane suka zama tsingaro. Tabawa ta ba da haƙuri, ta ja ɗanta gefe ta ce mutum take nufi, mai hawaye.

Wata rana hayaƙi ya shiga idon Ɗanbaba mai tsire. Nomau ya hango hawaye, ya sungume shi ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Ɗanbaba na zagi, Nomau na ƙara matsewa, tunda bai yi shiru ba. Karnuka suka gama da tsiren.

Mai'unguwa Jatau ya sa aka kira Tabawa. Ya ce a garin nan gaisuwa hannu ce ko durƙuso, ba a san ƙato ya rungumi ƙato ba. In ya ƙara, mari za a sa masa a ƙafa.

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na koya masa. A fara da ƙafata."

Ta koma gida da niyyar hana ɗanta, sai kuka ya riga maganar fitowa. Nomau ya rungume ta har ta yi shiru. Ta fasa.

Wata rana matar Mai'unguwa ta ƙuruciya ta rasu. Ya zauna a tabarma kamar gungume, ana ce masa "ya haƙuri" yana cewa "da godiya". Ɗigon hawaye ya gangara cikin gemunsa, kowa ya kawar da kai. Nomau bai kawar ba. Ya tsallake takalman mutane ya rungume tsohon, rawani ya faɗi.

Samari suka miƙe da sanduna. Tabawa ta fito daga wajen mata ba takalmi, ta tsaya a gabansu ta ce wanda ya isa ya wuce.

Tsohon ya yi ta mutsu-mutsu, can kafaɗunsa suka saki, ya fashe da kuka irin na yara. Da samarin suka kai hannu za su ɓamɓare Nomau, sai muryar tsohon ta fito daga cikin rigar ƙaton.

"Ku ƙyale shi. Ban yi shiru ba tukuna."