Batirin da Ya Faɗo Gaban Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan jikan Kawu Ɗanjuma a Zurmi, kuma ko na so mantawa dangi ba za su bar ni ba. Laifin duk na hassada ne, gara in faɗa da bakina.

Gyaran fanka da rediyo nake yi a Kaura Namoda, shekara da shekaru. Sale kuwa taubashina ne, ɗan gwaggona, wanda tun muna yara ba ya kirana da komai sai "bawana". A hannuna ya koyi riƙe sukundireba. Kwatsam ya je Shinkafi ya sayo farantan sola na hannu, ya haɗa wata farfela da tsohuwar altanetar mota a saman shagonsa don iska ta ba shi wuta, ya buɗe wurin cajin waya da batir. Kafin ka ce kwabo gari ya koma kiransa Injiniya. Ni kuma ina nan a "mai gyara". Duk sanda na ji an ce Injiniya Sale sai abinci ya fita raina.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne da na ji Kawu zai ba shi aikin sa wutar lantarki a gidansa na Zurmi, gidan da muka tashi gaba ɗaya. Na ce wallahi sai na ƙwace aikin nan.

Dama ina yawan kallon bidiyon masu haɗa injin maganadisu a waya, wanda suke cewa yana juya kansa da kansa, babu mai, babu rana, babu iska. Na fasa lasifika goma sha biyu na cire maganadisunsu (uku daga ciki na mutane ne da suka kawo gyara, Allah ya yafe mini). Na jera su a wilin keke, na haɗa da kan fanka, na ɗora a akwatin katako. Wata biyu ina fama. In na tura wilin da hannu sai ya yi zagaye huɗu ya tsaya yana kallona.

Mai hankali a nan zai haƙura. Ni sai na yanke shawarar ɓoye batirin babur a ƙasan akwatin, in rufe da fallen katako in buga ƙusa. Na gaya wa kaina taimaka masa kawai zan yi kafin ya saba. Matsalar ita ce unguwarmu ta kwana biyu babu wuta, kuma duk yankin babu mai caji sai Sale. Na ba maƙwabcina Isa batirin ya kai, na ja masa kunne kada ya ce nawa ne. Ya dawo da shi cikin leda, ni kuma don sauri na cusa shi a akwati da ledarsa ban ko duba ba.

Ranar suna, bayan an ci tuwo, na kafa injina a ƙofar gida. Na taɓa wili, ya ɗauka. Ƙwan fitila ya kama. Jama'a suka yi ca a kai.

"Yanzu abinga ba shi shan mai?" in ji Kawu.

"Ko ɗigo, Kawu. Haka zai ta juyawa har jikan nan ya yi aure."

Na saci kallon Sale. Yana zaune yana murmushi, murmushin nan da na tsana tun ina ɗan shekara bakwai. Wani dattijo ya ce, "Ashe muna da injiniya biyu." Na ji kamar an ba ni kujerar Makka.

Abin da ban lissafa ba shi ne halin mutanenmu in sun ga wutar banza. Kowa ya zaro waya. Aka jona tara, har da tocilar ladan. Kawu ya ce a bar shi yana aiki mu je mu yi azahar. A sallar nan ban san me liman ya karanta ba.

Muka dawo muka tarar da wili yana tafiyar tsohon jaki, ƙwan fitila ya yi ja. Kawu ya ce, "Injiniya, dibi mi ya same shi." Ba ni yake nufi ba.

Sale ya ce, "Kawu, a bar shi ya huce. Sabon inji haka shike." Rufa mini asiri yake yi, yanzu na sani. Amma a lokacin jin an sake kiransa Injiniya a gaban injina ya rufe mini ido. Na ce babu mai taɓa mini kaya, na sungumi akwatin da ƙarfi. Fallen ƙasa ya ɓalle. Batir ya faɗo, leda ta yage, ya tsaya daidai gaban takalmin Kawu.

Masu caji suna rubuta sunan mai batir da farin fenti don kada a musanya. Kawu ya sa tabarau ya sunkuya ya karanta da ƙarfi, a hankali, kamar wasiƙa: "Na bawana."

Dariya ta ɓarke har mata suna leƙowa daga zaure. Ashe tun ranar da Isa ya kai batirin Sale ya gane shi, don shi ya raka ni saye. Dattijon ɗazu ya ce, "Kai, amma cajin Injiniya na da ƙarhi. Waya tara hwa ya ɗauka." Ko a ranar kunyata shi aka yaba.

Aikin gidan Kawu dai Sale ya yi shi. Ni na riƙe masa tsani, yana sama yana cewa, "Bawana, miƙo filaya." Ina miƙawa.

Na koyi cewa babu injin da ke juyawa a banza, sai dai hassada, ita kam ba ta son caji. In kuma ka ƙudura sai ka yi ƙarya, to aƙalla ka buɗe leda ka duba.