Rasuwar Firijin Allurar Rigakafi na Ƙauyenmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, ni Gwadabe Datti nake sanar da jama'ar mazaɓar Gafasa da ta Balan rasuwar firijin allurar rigakafi na ƙauyenmu. Ya rasu cikin watan azumi, a shagona, inda aka ba ni amanarsa tun lokacin da rufin ɗakin shan magani ya fara yoyo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin bawan Allah ne mai ƙana'a. Hasken rana kaɗai yake ci. Bai taɓa neman mai ba, bai taɓa damun maƙwabci da hayaƙi ba. Babban halinsa, wanda ban gani a wurin dattawa da yawa ba, shi ne ya san lokacin da abu ya isa. Zai yi gurnaninsa, zuuu, har sanyi ya kai inda allura take so, sai ka ji ƙas, ya yi shiru. Wata ƴar na'ura ce a cikinsa take tsayar da shi. Malama Hajara, ma'aikaciyar lafiyarmu, takan ce da za a sa wa maza irinta da an huta.

Ga yadda jinyarsa ta kasance. Na tafi Gaya jinyar yayana, na bar mabuɗin shagon a hannun Alhaji Barau, shugaban kwamitin lafiya. Rana ta yi zafi, azumi ya yi nisa. Alhaji ya duba ya ce ai asara ce a ce ga firiji a gari mutane suna buɗa baki da ruwan randa. Aka fara da zoɓo da kunun aya a gefen kwalaben allura. Da aka ga ba ya yin ƙanƙara, aka kira Kamalu mai gyaran waya, wanda ko fanka bai taɓa gyarawa ta tashi ba. Kamalu ya ce wannan ƴar na'urar ce take sa shi lalaci. Ya cire ta, ya haɗa waya kai tsaye. An sha ƙanƙara, an sa wa Kamalu albarka.

Daga ranar marigayin bai sake hutawa ba. Gurnani ya koma kuka, kuka ya koma kakari, har injinsa ya ƙone. Da Malama Hajara ta zo ranar allura, ta tarar da kwalaben sun yi ɗumi. Ta ce ba za ta tsira wa ɗan kowa ruwan banza ba, ta kwashe su. Cikin yaran da aka mayar gida ranar har da autata Afra'u, wadda lokacin allurar ƙyandarta ya yi.

Ƙyanda ta shigo gari kafin a kawo wata allurar. Ƙurajen Afra'u sun fito sun bushe, muka yi hamdala. Sai zazzaɓi ya dawo, ta fara jijjiga, ta daina gane uwarta. Muka garzaya da ita Kano.

Ban yi boko mai zurfi ba, amma ba na barin magana sai na fahimce ta, don haka na tsare likita a asibitin Kano. Ya ce idan ƙwayar cuta irin wannan ta taɓa ƙwaƙwalwa, jiki yana tura dakarunsa, kuma yaƙin da suke yi ne yake kawo zafi da kumburi. Kumburin yana da amfani, da shi ake kashe cutar. Amma Allah ya halicci wasu ƙwayoyin jini da aikinsu kawai shi ne su ce wa dakarun ya isa, ku koma. Idan ba a ji muryarsu ba, dakarun sai su ci gaba da duka har su far wa jijiyoyin da suka zo karewa. Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa, kumburi ba shi da wurin zuwa. Allurar da suke yi wa Afra'u yanzu, in ji shi, ta lallashin dakarunta ce. Ina tsaye yana bayani, ni kuwa Kamalu nake gani da sukundireba a hannu.

Marigayin ya bar farantan sola biyu, da batirin da matasa suka riga suka fara cajin waya da shi, da jarirai masu yawa da ke jiran allura. Ya bar Alhaji Barau, wanda ya aiko mini da cewa ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, Alhaji. Amma ƙaddara ba ta karɓi mabuɗi daga hannuna ba.

Ba za a yi zaman makoki ba, kuma ba na karɓar gaisuwa daga bakin da ya sha ƙanƙarar nan. Mai son lada ya yi wa Afra'u addu'a. An ajiye gawar firijin a ƙofar masallaci, a buɗe, domin duk mai shiga salla ya gan ta. Ƴan gwangwan daga Gaya sun zo ɗauka, na ce su dakata. Ban sa ranar jana'iza ba, domin har yanzu ban sani ba ko makara ɗaya za mu ɗauka ko biyu.