Kilishi a Cikin Ambulan

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ambulan ɗin Martin ya dawo daga Amurka ba, ko da kuwa zan manta sunana.

Martin abokin aikina ne a Doha, teburinsa na kallon nawa. Ba ya shan taba, ba ya yawo, abu ɗaya ne ya kama shi: tara katunan 'yan ƙwallon Amurka, wannan ƙwallon da ake rungumewa a ruga, ƙarti su bi mutum su danne. Yakan aika kati ta gidan waya ga tsohon ɗan wasa, haɗe da ambulan na dawowa, ya zauna jiran a sa hannu a maido. Wani ya yi wata da watanni, wani shiru har abada.

Akwai kati ɗaya da ya fi ƙauna, na marigayi mahaifinsa ne. Ɗan wasan da ke jiki ya tsufa tukuf, ya ma daina sa hannu, amma Martin ya ce zai gwada sa'a. Ranar da zai aika aka tura shi aiki a teku, sai ya miƙo mini ambulan a buɗe, ya roƙe ni in kai gidan waya.

A gida, a unguwar Madinat Khalifa, na leƙa ciki. Kati ne da 'yar takarda, shi ke nan. Raina ya sosu. Yanzu a roƙi dattijo alfarma hannu rabbana? Ni da Inna ta raina, wadda ko maƙwabta za ta aike ni sai ta ƙulla mini wani abu? Na ce wannan yaro bai san girman manya ba, bari in rufa masa asiri. Ina da kilishin da aka kawo mini daga Kano. Na yanko falle mai kyau, na naɗe a takarda (takarda fa, ba leda ba, kuma wai ni injiniya ne), na kwantar da shi a kan katin, na liƙe. Har daɗi na ji yadda ya shige daidai.

Ban tuna da zafin Doha ba. Ban tuna kilishi mai yake fitarwa ba.

Bayan watanni ambulan ya dawo akwatin gidan waya na ofis. Martin ya tara mu. Yana farkewa ƙanshin yaji ya cika ofis. Katin ya jiƙe sharkaf da mai, ya yi ja, fuskar ɗan wasan ta narke, sai hular kwano ta rage. Martin ya ɗaga shi a haske, ana hango fitila ta cikinsa.

"Wane ne ya yi mini haka?" Muryarsa can ƙasa.

Na ɗaga hannu kamar ɗan firamare. Na fara bayanin al'ada, na ji kaina ina cewa ai kilishin ma na musamman ne. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Martin ya zaro 'yar takardar da tsohon ya sako ya karanta mana. Wai ya daina sa hannu saboda hannunsa na karkarwa, amma a duk masu aiko masa kati ba wanda ya taɓa tunawa da cikinsa. Ya cinye, ya sha ruwa da yawa. Sa hannun na nan a gefen kati, rabi ya kama, rabi ya zame a kan mai.

Wallahi saura kaɗan in ce ai ka gani. Sai na ga idon Martin ya kawo ruwa.

"Mahaifina ya adana shi tun yana saurayi, ko lanƙwasa bai taɓa yi ba," ya ce.



Har yau katin na kan teburinsa cikin gilashi, yana kallona da fuskar da babu. Ni dai na koyi darasi: in an ba ni saƙo in kai yadda aka ba ni, kirkina kuma in bar shi a firij.