Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Harafi Ɗaya Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da fushi, Mai Hatimi na bakin layi yana sanar da rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Gwaggo, bayan shekara goma sha ɗaya a kan teburin shago.

Marigayiyar ba ta da sauri, amma ba ta da wulaƙanci. Ka danna, ta yi ɗan tarinta, "ƙirr, ƙirr," ta buɗe. Ba ta taɓa tambayar mai ita takardar makaranta ba.

Ajalinta ya shigo ne a aljihun surukinsa, mijin 'yarsa mai gilashin nan. Ya ce, "Baba, bari in sa maka manhajar 'yanci. Kyauta ce, ta kowa da kowa." Ya goge tsohuwar, ya zuba tasa, ya kulle komai, ya ce a zaɓi kalmar sirri. Mai Hatimi ya zaɓi "ƙanƙara". Kowa ya ji, ai ba ta da sauran amfani.

Ranar Talata manhajar ta sabunta kanta, Gwaggo ta tashi da baƙin allo tana neman kalmar. Ya danna ƙ, ta ba shi k. Ya sake, k. Ashe a wannan ƙofar ba a san harafi mai lanƙwasa ba. Zanen hatimi ɗari huɗu na ciki, aikinsa gaba ɗaya, masu su suna ta sintiri a shago.

Suruki ya rubuta wa masanan da suka ƙera ta. Ɗaya ya ce a karanta littafin bayani. Ɗaya ya ce wa ya aiki tsoho ya sa wannan harafi? To, a gaya musu, harafin ya girmi manhajarsu. Sun ce ta kowa ce. Kowan nasu duk jami'a ya yi? Abin da mai shago ba zai iya buɗewa ba, tarko ne, ko da kyauta aka ba shi.

Ta rasu ta bar firinta da ba ta gane kowa, da linzamin kwamfuta mai ido ɗaya, da suruki da ya daina ɗaga waya.

Da biro aka rubuta wannan sanarwa, shi bai taɓa hana kowa ƙ ba.

Za a fitar da gawar ranar Asabar da hantsi, a baron mai sayen tsofaffin ƙarafa. Suruki ne zai tura. Masu cewa "ai da sauƙi" su yi zamansu a gida. Wanda ya san inda ƙ ta shige, don Allah ya kawo ta kafin baro ya iso.