Ambaliya a Allon Injiniya Safiyanu

"Ni fa ba irin yaran nan ba ne masu shafa gilashin waya su ce sun iya kwamfuta," in ji Safiyanu, yana kaɗa cokali a kofin shayi. "Ni cikin hanjin na'ura nake shiga. Da yaren C nake mata magana, yaren da in ta ji sai ta gyara zama. Ku kawo min rubutun kowace ƙasa, Larabci ne, Sinanci ne, ko na mutanen Indiya mai kama da shanya a kan igiya, kafin shayin nan ya huce na sa ta rubuta shi."

Abokina, in ka taɓa zama a teburin mai shayin da ke bakin kasuwar kifi ta Haɗeja, to ka san muryar nan. Safiyanu mai gyaran waya ne, kuma ba laifi, yana canza gilashi da wurin caji. Matsalar ta fara ne da ya je Kano ya yi wani ɗan kwas na 'yan watanni. Ya dawo da tabarau marar magani, da jakar kwamfuta da ba ya rabuwa da ita ko gaisuwar mutuwa za shi, ya kuma sa aka rubuta a ƙofar shagonsa: Injiniya Safiyanu, Likitan Na'urori na Ƙasa da Ƙasa. Abokinsa tun na yarinta, Gwadabe mai busasshen kifi, shi dai Farfesan Caja yake ce masa.

To wannan Farfesa yana da abin da ke hana shi sukuni, sunanta Najwa. Malama ce a Islamiyyar mahaifinta, Goni Umara Zarami. Ita tana sonsa, ko da yake rabin hirarsu dariya take masa. Goni ne ya ƙi cewa a turo magabata. Duk lokacin da aka taɓa masa zancen, sai ya shafa gemu ya ce, "Ina duban yaron tukuna." Goni kuwa ba abin da ya tsana kamar cika baki, ka ga an gamu.

Da walimar saukar ɗalibai ta matso, Safiyanu ya ga ƙofa ta buɗe. Ya je ya durƙusa a zauren Goni.

"Allah gafarta Malam, bana ba za a kira sunayen masu sauka daga takarda ba kamar a ƙauye. Allon lantarki zan haɗa, irin mai jan rubutu da ke tafiya. Kyauta, saboda Allah."

"Da boko kaɗai?" Goni ya tambaya.

"Da boko, da Larabci. In Malam na so har da Sinanci."

"Ba mu da ɗalibi ɗan Sin," in ji Goni. "Yi mana biyun."

Nan bari in ɗan yi maka bayani, don ka san ramin kafin mutuminmu ya faɗa. A cikin na'ura, rubutu a jere yake cikin ƙananan gurabe, kamar fangalin shinkafa a fadama. Harafin boko na yau da kullum gurbi ɗaya yake ci. Amma masu lanƙwasa, su ƙ da ɗ da ɓ, da duk wani harafin Larabci, kowane gurbi biyu yake cinyewa. Sannan a yaren C, dole a ƙarshen kowane rubutu a ajiye sifili. Shi ne jingar da ke gaya wa na'ura ta tsaya nan. In babu jinga kuwa, duk ɗan Haɗeja ya san abin da ruwa ke yi wa gonar maƙwabci. An koya musu wannan a Kano, amma ranar Safiyanu yana kasuwa yana zaɓen tabarau.

Ya sayo allo, ya zuba sunaye, ya kira Gwadabe shago ya zo ya ga ikon ilimi. Sunan farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka. Na uku wani ɗalibi ne mai suna Baƙo. Allo ya rubuta: BaÆ™o.

Gwadabe ya matso, ya ƙanƙance ido. "Farfesa, wannan ɗan wane gida ne? Aljanu ma sun yi sauka bana?"

"Adon rubutu ne," in ji Safiyanu. "Kai me ka sani ban da tarwaɗa?"

"To Allah Ya sa uban yaron ya san ado."

Safiyanu ya zagi mutanen da suka ƙera allon, ya zagi kakanninsu, sannan ya faki ido ya shiga intanet. Ya sami wani bawan Allah ya rubuta maganin abin, ya kwafo ya liƙa bai karanta ba. Baƙo ya dawo ɗan Adam.

Sai aka zo kan Larabci. Allo ya fara shi daga hagu, haruffan kuma kowane ya ja gefe ya tsaya shi kaɗai, kamar dangin da suka yi faɗa a gidan suna.

"Wannan ai wasan yara ne," in ji Injiniya. "Tunda ya zo a juye, sai in juya shi."

Ya sa na'ura ta karanto guraben daga ƙarshe zuwa farko. Abin da bai tuna ba, kowane harafi rabi biyu ne, sai ga ƙafa a sama kai a ƙasa. Allo ya cika da ƙananan akwatuna da alamun tambaya daga wannan gefe zuwa wancan.

Gwadabe ya riƙe ciki. "Ka ga yanzu allon ne ma yake tambayarka!"

Aka sake komawa wurin bawan Allahn nan na intanet, aka sake kwafowa. Da kyar da gumi, Larabci ya miƙe, haruffa suka riƙe hannun juna, suka taho daga dama yadda Allah Ya yi su. Wallahi abin ya yi kyau, ban ƙi gaskiya ba. Da Safiyanu ya tsaya nan, da yanzu wani labarin nake ba ka.

Amma ina! Daɗi ya kwashe shi. Ya zauna ya rubuta wa Najwa saƙo a cikin na'urar, a gurbin da ke bin bayan sunayen ɗalibai, ya sa allo ya nuna, ya ɗauki bidiyo ya tura mata. Ko minti ba a yi ba ta kira.

"Yaya Safiyanu, kana da hankali kuwa? Baban nawa ne tsohon nan?"

"Wasa ne, ranki ya daɗe."

"Ka goge shi yanzun nan. Ni na goge nawa."

"An gama. Ni da na rubuta?"

Ya buɗe kwamfuta, ya cire layin da ke umartar allo ya nuna saƙon. Saƙon kansa kuwa ya bar shi kwance a inda yake, don a ganinsa adabi irin wannan bai kamata ya salwanta ba.

Ana gobe walima, Goni ya aiko a kira shi.

"Ɗana, ka ƙara suna ɗaya a ƙarshe, na mai makaranta, da Larabci. Amma a gidanmu ba a kiran malami shi kaɗai kamar wanda ya faɗo daga sama. Za ka sa ni, ka sa mahaifina, ka sa kakana da ya taso daga Barno da Alƙur'ani a ka. Albarkarsu muke ci." Ya rubuta masa da alƙalaminsa. "Zai shiga?"

Safiyanu ya bi haruffan da yatsa, har da tazarar da ke tsakani. "Arba'in ne kacal, Allah gafarta Malam. Ni kuwa gurbi sittin da huɗu na ware wa kowane suna. Ko kakan kakan za a ƙara, akwai wuri."

Kai da na yi wa bayani ka riga ka gano. Haruffan Goni bibbiyu suke ci. Sunan ya cika guraben taf, wutsiyarsa ta guntule, sifilin nan mai tsare ruwa bai sami wurin tsayawa ba. Gonar da ke maƙwabtaka kuwa ka san abin da aka shuka a cikinta.

Gwadabe ya ce, "Ba za ka bari ya zagayo har ƙarshe ka gani ba?"

"Gwaji na 'yan koyo ne."

Safiyanu ya ɗauko mai walda, aka kafa allo can sama a bangon makaranta, aka yi masa keji na ƙarfe aka liƙe ruf saboda yara. Ya haɗa masa sola a kan rufi da batir a cikin kejin.

"Ina makunninsa?" in ji mai walda.

"Makunni na masu shakkar aikinsu ne. Wannan ko an ɗauke wuta a Najeriya gaba ɗaya, shi yana nan yana aiki."

Ranar walima fili ya cika. Iyayen yara sun zo daga Miga, wasu daga Kirikasamma, wasu har da kwalekwale suka tsallako. Maza a gaba kan tabarmi, mata a baya ƙarƙashin rumfa. Safiyanu ya sha babbar riga da ya aro wurin Gwadabe, ya zauna kusa da manya, yana gaisa da mutanen da ba su gaishe shi ba.

Mai gabatarwa wani malami ne mai suna Abdulfattah, mutum mai murya kamar an haife shi da lasifika. Shi ke karanto suna daga allo, jama'a su amsa da "Allah Ya sa albarka," mata su rangaɗa guɗa. Suna ya fito da boko, ya fito da Larabci, tsaf. Baƙo ya wuce lafiya, ubansa har da hawaye. Tsofaffi suna ta ɗaga kai suna salati. Goni ma ya waiwayo ya dubi Safiyanu ya ɗan gyaɗa kai. Zuciyar Injiniya ta yi fari tas, har ya fara tunanin kalar hular da zai sa ranar ɗaurin aure.

Sai sunan ƙarshe ya taho. Abdulfattah ya gyara murya, ya ƙara ƙarfi saboda girman mai sunan. Bakinsa ya riga ya saba, abin da ido ya gani shi harshe ke faɗa.

"Goni Umara, bin Goni Ahmed, bin Goni Bukar Za... Najwa tawa, hasken idona!"

"Allah Ya sa albarka!" in ji jama'a. Wata tsohuwa a baya ta saki guɗa.

"Ki bar ni da tsohon nan, da allo ɗaya zan saye sh..."

Nan hankalin Abdulfattah ya iso inda bakinsa yake. Ya dubi makirfo kamar shi ya yi maganar. Amma allo ba ya jin kunya. Ya ci gaba da jan rubutunsa a hankali, ja wur, kowa na gani: zan saye shi, har da rawanin.

A rumfar mata, Najwa ta ja hijabi ta rufe fuska gaba ɗaya.

Safiyanu ya miƙe zumbur. "Jama'a, masu kutse ne! Daga ƙasar waje! Maƙiya ne suka shiga na'urar, wallahi ban san wanda ya..."

Allo ya ƙarasa: Naki har abada, Injiniya Safiyanu.

Gwadabe ne ya fara. Ya yi ƙoƙari, Allah Ya sani, har hula ya cusa a baki, amma dariyar ta fito ta hanci. Daga nan fili ya ɗauka.

"A kashe! A kashe shi!" Safiyanu ke ihu.

"Da me?" in ji mai walda daga cikin taro. "Kai ka ce makunni na masu shakka ne."

Ya ruga ya jawo benci, ya ɗora kujera a kai, ya hau. Ya ja keji, keji ya ce bai san zancen ba. Ya tuɓe babbar riga ya lulluɓa wa allon, sai jan rubutun ya ratso ta cikin shadda, ya ma fi kyau.

"Rigata, Farfesa!" in ji Gwadabe. "Kada ka ƙona min ita da soyayya!"

Duk wannan abu Goni bai motsa ba. Sai da allo ya sake zagayowa, ya sa tabarau, ya karanta tun daga kakansa mai guntulallen suna har zuwa sa hannun, a tsanake, kamar yana duba hadda. Sannan ya miƙa hannu aka ba shi makirfo.

"Sauko, Injiniya, kada ka karye mana a wurin walima."

Safiyanu ya sauko da 'yar singileti, tabarau a karkace, ya durƙusa.

"Na ce ina dubanka," in ji Goni, "to yau na gani, har da mutanen Miga suka taya ni. Ka gaya wa magabatanka kada su yi gaggawar sayen goro. Rawanin in kana so sai in ba ka, ina da wani. Tsohon dai bai sayu ba."

"Allah gafarta Malam, gobe da sassafe zan zo da mai walda a cire shi."

"A'a, bar min shi a nan," in ji Goni, yana gyara zama. "Duk abin da ya taɓa fitowa daga shagonka, shi kaɗai ne bai iya ƙarya ba."