Yadda Ilu Ɗan Cindo Ya Ciwo Bas da Yaƙi

Wannan tarihin Ilu ne, ɗan Cindo mai awo, jikan Barmo wanda ya ɗaga buhun dawa da haƙori har haƙorin ya tafi buhun ya tsaya, tattaɓa-kunnen Jatau da ya kori ɓeraye daga rumbu da gyaran murya kaɗai. Sahibul mudu, amirul tiya, garkuwar wake, dodon ƙwari, wanda in ya watsa gero a baki ya tauna, kasuwa kan yi tsit ta jira fatawa.

A shekarar da Ƙungiyar Dillalan Hatsi ta Rafin Kuka ta gaji da wulaƙancin tasha, inda ake cusa dattijo mai furfura tsakanin akuya da kwandon tumatir, shugabanta Alhaji Maidabo ya zartar da hukunci a ɗauki bas haya ta zama ta ƙungiya, don ɗaurin aure da ta'aziyya da taro. Ya ce duk wanda ya kawo motar kirki shi ne Sarkin Tafiya, mazauninsa gidan gaba, kafaɗa da kafaɗa da shugaba. Ilu bai taɓa riƙe komai a ƙungiya ba sai buta. Ya miƙe. Talle Mai Gero, da ya daɗe yana harin sarautar, ya yi dariya ta hanci.

Sai sadauki ya karya hula, ya hau bayan ɗan acaɓa, ya keta rundunonin masu rake da mayaƙan ruwan leda, ya durfafi tasha. 'Yan kamasho suka yi masa ƙawanya ta gabas da yamma, wannan na jan riga, wancan na rantsuwa motarsa jiya ta sauka daga jirgin ruwa. Ilu ya ɗaga hannu ya yi kirari: "Ni ne na Cindo! Mota nake nema, ba surutu ba!" Suka dare.

Can ƙarƙashin dalbejiya ya hango ta, fara, tagoginta da labule, direbanta Sabi'u na barci a kan tabarma. Nan Ilu ya nuna ilimin kakanni. Ya naushi taya. Ya kwanta rigingine ya leƙa sifirin. Ya hau bayan motar ya yi tsalle da dukkan nauyinsa, ta ɗan rusuna ta miƙe, ya ce madalla. Ya tambaya ko tana hawa tudu da lodi, Sabi'u ya ce da lodin ma ta fi jin daɗi. Direban ya tambayi inda baƙon ya fito, aka ce kasuwar hatsi, ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane komai. Aka tafa, aka ƙulla haya. Maruwaita sun yi saɓani a kan abubuwa da dama na wannan yini, amma sun haɗu a kan guda: maganar ɗaukar mutane ba ta taso ba.

Ranar Asabar aka sa fitar farko, ɗaurin auren ɗan wani babban dillali a Funtuwa. Dattawa suka jeru bakin kasuwa cikin shadda mai sitaci, kowa na tsaye ƙiƙam don kada ta karye, turare har rumfar mahauta. Bas ta ƙaraso. Ilu ya yi taku irin na wanda ya ci gari, ya kama ƙofa ya ja.

Fili. Shararre, wankakke, babu kujera ko ɗaya.

Sabi'u ya leƙo yana murmushin jiran yabo. Ya ce tun asuba ya kwance kujerun saboda buhunan hatsi, don bai taɓa ganin mai neman motar mutane ya kwanta ƙarƙashinta ba. Da Ilu ya ce maza a mayar, sai ya ce ai ya kai su wurin mai gyaran kushin, kuma ya baro an riga an feɗe su.

Alhaji Maidabo ya leƙa ciki, ya juyo.

"Ilu, a tsaye za ka jera mu, ko a kwance?"

Gwarzon ya buɗe baki, kirari bai zo ba. Talle kuwa ya sulale. Ya tsallaka titi, ya yi ƙus-ƙus da mai shayi, ya dawo 'yan dako na biye da shi ɗauke da dogayen bencina masu tabon madara. Aka zura su. Dattawa suka tattare riguna suka hau suna salati. Shugaba ya buɗe gidan gaba, ya matsa, ya ce, "Bismillah, Sarkin Tafiya." Talle ya shiga.

Ba a bar Ilu ba, don ƙungiya ba ta manta alheri. Bencin baya ba ya da ƙusa, duk birki sai ya zame da dattawa. Aka zaunar da jikan Barmo a ƙasa, can baya kusa da tayar ko-ta-kwana, ya rungume ƙafafun bencin da hannu biyu, har Funtuwa, har dawowa.

Da magariba mai shayi ya aiko a mayar masa da kayansa. 'Yan dako sun tashi. Ilu ya kai su.